Me ya sa fim ɗin da muka kalla muna yara ya fi kowanne zama a rai?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ba siyasa na kawo ba, ba kuma kukan tsadar mai ba. Wata tambaya ce ta daɗe tana min yawo a ka. Duk wanda na tambaya wane fim ya fi so a rayuwarsa, da wuya ya kira min na bara ko na bara waccan. Sai ya koma can baya, lokacin yana firamare ko farkon sakandare. Kuma in ka matsa masa zai yarda an yi waɗanda suka fi shi daga baya, hoto ya fi fita, sauti ya fi, labarin ma ya fi tsari. Amma nasa na yarinta yana nan a sama, ba ya motsi. To fim ɗin ne da kansa, ko mu ne? Kowa ya kawo nasa da dalili, kada a jefo suna kawai a gudu.

Kawu Na Kakuri:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq ka sosa min inda yake ƙaiƙayi. Ni Sholay ne, kuma ko a gaban surukaina zan faɗa. A 1975 ya fito a Indiya, ya iso mana nan daga baya, lokacin ban kai shiga masaƙa ba tukuna. Yayana ne yake aiki a can. Ran da aka yi musu albashi ya ce in sa takalmi in biyo shi, amma idan maganar ta kai kunnen Baba, to shi bai san ni ba. Yaran yanzu ba za su gane ba, a wancan zamanin ɗan mutunci ba a ganinsa a ƙofar silima. Tun daga hanya gabanka yake faɗuwa, kana waige kada wani ɗan unguwarku ya hango ka.

Silimar ba ta da rufi, sai duhu ya sauka sosai ake kunna na'ura. Masu ƙaramin kuɗi muna benci can gaba, wuya a ɗage, masu hali suna kujerun baya. Hayaƙin taba yana ratsa hasken nan da ke fitowa daga ɗakin na'ura. Ana ta surutu, masu gyaɗa da rake suna zagayawa. Da aka nuno takalmin Gabbar, shugaban 'yan fashi, yana taka duwatsu, yana jan ɗamarar harsashi a ƙasa, kafin ma a nuna fuskarsa, wallahi ɗif wurin ya yi. Amjad Khan ke nan. Ban taɓa jin tsoron mutumin da ba ya gabana ba sai ranar.

Amma ba Gabbar ne ya riƙe ni ba. Kwabon nan ne. Abokai biyu, duk abin da za su yi sai Amitabh ya cilla kwabo, kuma kullum shi ke ci. Sai bayan ya mutu Dharmendra ya ɗauki kwabon ya juya, ya ga ashe fuska biyun iri ɗaya ne. Wato ko a karon ƙarshe da suka cilla don a ga wa zai tsaya ya tare 'yan fashi, ya riga ya san shi zai tsaya. Na yi kuka a kan bencin nan, ina ɓoye fuska kada yayana ya gani, ashe shi ma hular ya ja ya rufe ido. Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙansa da rahama Kawu, ya kyautata namu zuwan.

Ɗan Rigasa:
Amin. Amma Kawu da girmanka, a yi min afuwa, na sauke fim ɗin nan a waya saboda yadda manya ke zuzuta shi. Sama da awa uku! Ana cikin faɗa sai a tsaya a yi waƙa, a dawo a yi barkwanci, a sake waƙa. Harbin ma kana gani ka san wasa ne. Barci ya kwashe ni tun kafin a kai rabi. Ni a ganina ba fim ɗin kuke so ba, ƙuruciyarku kuke kewa, fim ɗin ya zo a daidai lokacin ne kawai. Da wani aka nuna a daren, da shi za ku riƙa yabo yau.

Kawu Na Kakuri:
Ɗana, fim ɗin da ya shekara 5 ana nuna shi ba fashi a silima ɗaya a Bombay, shi ne ka kalla a tafin hannunka kana kwance, saƙo yana shigowa kana dubawa, ka ce ba daɗi? Ai ba ka kalle shi ba tukuna. Kuma mun ga wasu da yawa a wannan bencin, na Sin da na kaboyi, yawancinsu ko sunansu ban riƙe ba. Me ya sa wannan ya zauna su suka tafi?

Malam Mai Alli:
Tambayar Kawu ta ƙarshe ita ce muhawarar gaba ɗaya, kuma ina ganin kowannenku yana da rabin gaskiya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in ka sa dattijo ya ba da labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuno ya faru ne tsakanin yana shekara 10 zuwa 30. A nan ne mutum yake haɗuwa da abubuwa karo na farko, a nan ne kuma yake gina ko shi wane ne. Akwai kuma wani masani a Amurka, Robert Zajonc, da ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa a so shi, ko da ba a san dalili ba. Wannan ya goyi bayan Ɗan Rigasa.

Sai dai bai amsa tambayar Kawu ba. Yaro yana kallon fim da yawa a waɗannan shekarun, ɗaya ne ko biyu suke zama. Abin da na lura da shi a aji shi ne, wanda ke zama shi ne wanda ya fara sa yaro jin wani abu da bai da sunansa tukuna. Kawu bai san mutum zai iya zaɓar mutuwa don abokinsa ya rayu ba, sai daren nan. Babba in ya ga irin wannan yau zai ce ai na sha gani. Yaro ba shi da "na sha gani", abin kai tsaye yake shiga.

Ɗan Rigasa:
Malam ka raba mana gardama kamar alƙalin ƙauye, kowa ka ba shi rabi.

Maman Ilham:
Duk maganar silima kuke yi, mu mata ina muka ga silima? Yarinyar da aka gani a can ai aurenta ya zama abin tattaunawa. Mu bidiyo ne ya kawo mana fim har tsakar gida. A layinmu a Unguwar Shanu gida ɗaya ne yake da shi, gidan wata Hajiya da mijinta ke zuwa Legas sayo kaya. Bayan la'asar, an dawo daga Islamiyya, sai ka ga takalma sun cika ƙofar ɗakinta har waje. Manya a kan gado da kujera, 'yan mata a ƙasa kan leda, mu ƙanana a bakin ƙofa, wasu ta taga. Sharaɗinta biyu ne: a wanke ƙafa, kuma wanda ya ba da labarin abin da zai faru a gaba a fitar da shi.

Nawa Sangaya ne, Ali Nuhu da Fati Muhammad. Yarinya mai aiki a gidan sarauta, ana wulaƙanta ta, ga ɗan sarki. A lokacin ina zaune ne a hannun kishiyar mahaifiyata, ba sai na yi dogon bayani ba. Duk tsawar da aka daka wa yarinyar nan a fim, a jikina nake jin ta. Da abin ya juya ta samu ɗaukaka, na koma gida na yi wanke-wanken dare ina jin kamar an yi min alkawari. To ku gaya min, wane fim na yanzu, komai kyan kyamararsa, zai yi min wannan? Ni na ɗauke shi kamar miyar uwa ce. Za ka ci ta gidan abinci mai tsada ka yaba, amma ba ita kake nema ba ran da ba ka da lafiya.

Anti Mai Ɗinki:
Maman Ilham kin tuna min! Mu Wasila ce ta raba kan gidanmu, wajen shekarar 2000. Kuma abin alfaharinmu ne 'yan Kaduna, tunda Yakubu Lere ne ya shirya shi. Iyayenmu mata sun yi sati suna musu a kan wa ya fi laifi, mu kuwa waƙoƙin muke bi. Har ɗinki ake kawo wa mahaifiyata a ce irin wanda aka sa a fim ake so. Kila ma daga nan na ɗauki son keke.

Injiniya Barnawa:
Ni ban yarda da maganar miyar uwa ba, Hajiya ki yi haƙuri. In haka ne, kenan ingancin fim ba shi da wani tasiri, ko me aka ɗora wa yaro zai so. Ba haka ba ne. Nawa fim ɗin Umar Mukhtar ne, wanda Moustapha Akkad ya yi, mutumin Siriya da ya yi Arrisala. Na fara ganinsa a talabijin ina aji huɗu na firamare, na sake kallonsa ina jami'a, na kuma kalla da 'ya'yana kwanan baya. Bai ragu ba ko kaɗan, ƙaruwa ma ya yi. Ina yaro dawakai da tankokin yaƙi nake kallo, da wurin da mayaƙa suke ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu. Da na girma sai na ga ashe zaman da tsohon ya yi gaban Janar Graziani, yana ɗaure da sarƙa amma shi ne mai natsuwa a ɗakin, ya fi duk harbe-harben nauyi. Kuma tarihi ne na gaske, Italiya ta rataye shi a 1931 bayan ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙarta a Libiya. Wurin da tabaransa ya faɗi ƙasa wani ƙaramin yaro ya ɗauka, ɗana na biyu ya juyo ya tambaye ni, Abba me ya yi musu? Irin tambayar da na yi wa nawa uban ke nan. Fim mai kyau ne ya jawo ta, ba kewar yarinta ba, tunda shi yaron bai da wata yarintar da yake kewa.

Ummi 'Yar Jami'a:
Baba Injiniya, amma kai ka zaunar da shi, kana gefensa, yana ganin yadda fuskarka ta canza. Da shi kaɗai ya ci karo da shi a YouTube, anya zai kai minti goma?

Injiniya Barnawa:
Wannan kuma ban musa ba 'yata. Amma na zaunar da su a gaban wasu ma, suka watse suka bar ni.

Abban Sadiq:
Wani abu da ya ba ni dariya a fim ɗin nan, mun girma muna ɗauka wanda ya fito a Umar Mukhtar wani babban shehi ne Balarabe. Ashe Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko, shi ne kuma ya fito a Sayyidina Hamza a Arrisala ta Turanci. Akwai dattijon unguwarmu da har ya rasu ba a iya gamsar da shi ba.

Tsohon Mai Haya:
Ku bari mai sana'a ya yi magana. Na yi shekaru ina ba da hayar kaset a Tudun Wada, tun ana yayin na Indiya da na Sin zalla, har na Hausa suka shigo bayan Turmin Danya a 1990, har faifan CD ya zo ya kashe kaset, masu tura fim a waya kuma suka zo suka kashe mu gaba ɗaya.

Abu na farko, yaro ba ya neman sabo. Babba ne yake shigowa ya ce me ya fito. Yaro in an aiko shi da kuɗi aka ce ya zaɓo, wanda ya kalla jiya zai ɗauka. Sai uwar ta biyo shi da kaset a hannu tana faɗa, wai na cuce ta. Ni kuwa me zan yi, shi ya nuna da yatsa. Kuma ba su san suna ba. Mai kare, mai maciji, mai giwa, mai makauniyar uwa, wanda bos yake da ido ɗaya, haka ake tambaya, ni kuma dole in san wanne ake nufi. Mai giwa shi ne na Rajesh Khanna na 1971, mai maciji na Sridevi, mai kare na Jackie Shroff wanda karen ya ɗaukar wa ubangidansa fansa. Kaset ɗin mai karen nan sai da zarensa ya tsinke ya fi a ƙirga, ina buɗewa da sukundireba ina liƙewa da salatif. Akwai wurin da hoton yake rawa ya yi layi-layi, daidai inda karen yake kuka a wurin gawa, saboda kowane gida sai sun mayar baya sun sake kallon wurin. Da ido nake gane inda mutane suka fi so a fim, in na ja zaren na ga inda ya goge.

Abu na biyu, a wancan lokacin kallo yana da wahala, kuma wahalar tana cikin daɗin. Ka tara kuɗin haya, ka karɓo kaset, ka zo an ɗauke wuta. Ku zauna jugum kuna kallon ƙwan fitila. In an kawo, kan bidiyo ya yi datti, a nemo farar takarda da ɗan fetur a goge. In an ɗauke ana tsakiyar kallo kaset ya maƙale a ciki, gobe kuɗin haya ya ƙaru. Fim ɗin da ka sha wannan dominsa ba za ka kalle shi da rabin hankali ba.

Maman Ilham:
Wallahi Alhaji kamar kana gidan Hajiyarmu. In wuta ta dawo ihun yaran layi kaɗai ya isa ya sanar da kai, kowa ya bar abin da yake yi a guje.

Malam Mai Alli:
Maganar zaren da ya goge ta fi duk abin da na kawo daga littafi.

Baban Yara Kawo:
Akwai wanda ba ku ambata ba, mai fassara. Ba na yanzu masu sa murya a sutudiyo ba. Kowane layi yana da wani yaro da aka yarda yana jin Indiyanci. Namu yayan abokina ne. Shi yake zama kusa da talabijin yana gaya mana, yanzu cewa ya yi kaza, ita kuma ta ce kaza. Mun yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai fim ɗin da na fi so a duniya, na wasu 'yan'uwa da aka raba tun suna yara. Shekarun baya na samu wanda aka fassara da Hausa, na zauna da murna. Jama'a, labarin daban ne! Wanda aka ce mana ƙanin uban jarumin ne da ya ci amanar gado, ashe ɗan sanda ne kawai. Duk maganganun hikimar da muka haddace muna faɗa wa juna a makaranta, babu ko ɗaya a ciki. Gayen nan shi ya ƙirƙiri abinsa. Kuma in gaya muku gaskiya, nasa ya fi daɗi. Yanzu in an ce wane fim na fi so, ban san ko na Indiyawan zan ce ba ko na yayan abokina.

Anti Mai Ɗinki:
Na yi dariya har ɗiyata ta leƙo. Ina yake yanzu? Ai Kannywood ta yi asarar marubuci.

Baban Yara Kawo:
Yana nan, kayan gini yake sayarwa. Har yau in yana ba ka labarin yadda siminti ya tashi sai ka ɗauka fim ne.

Ɗan Rigasa:
To kun gani! Baban Yara ya gama min aiki. Fim ɗin da yake so babu shi ma a duniya, a kansa yake. Ni abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Injiniya Barnawa:
Misali ɗaya ba ya zama hukunci. Nasa ya rushe da ya sake kallo, nawa bai rushe ba. Gwajin ke nan, a sake kallo da idon girma. Wanda ya tsira fim ne, wanda bai tsira ba tuna baya ne.

Maman Ilham:
Ni kuwa ba zan yi wannan gwajin ba Injiniya, ko an biya ni. Na san abin da zan gani, sauti yana sama yana ƙasa, fiyano ɗaya ake ta bugawa, kwalliyar ma ta zama abin dariya. 'Yata ta taɓa nemo min shi a waya, ina jin kiɗan farko na ce ta kashe. Ba don na raina shi ba. Yarinyar da ta kalle shi tana buƙatarsa a lokacin, ni yanzu alhamdulillahi ba na cikin wannan halin. Me zai sa in je in kama shi da laifi?

Malam Na Masallacin Layi:
Assalamu alaikum. Ina bin ku a hankali. Ba zan ɓata muku hira ba, amma tunda kun yarda da bakinku cewa abin da yaro ya kalla yana zama a zuciyarsa shekara 30 ko 40, to sai mu duba me muke bari a hannun namu yaran. A da Hajiyar layi tana zaune, in an zo wurin da bai dace ba ta tura gaba ko ta ce a rufe ido. Yanzu yaro yana cikin bargo da waya.

Abban Sadiq:
Gaskiya ne Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan ma ya kawo ni ga abin da nake son tambayar su Ummi da Ɗan Rigasa. Ku da kuka taso komai yana hannu, kuna da irin wannan fim ɗin kuwa? Ko abin ya ƙare a kanmu?

Ummi 'Yar Jami'a:
Muna da shi mana Abba. Kowane zamani yana ganin a kansa daɗi ya ƙare. Nawa zanen nan ne na zaki, The Lion King. Ya girme ni, a 1994 ya fito, amma a faifai na same shi, cikin irin tarin nan da ake cusa fim goma a faifai ɗaya. Inda uban ya faɗo ya mutu, ɗan ya zo yana tura shi da kai ya tashi, ya shiga ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Ban fi shekara 7 ba. A daren na je na tsaya a ƙofar ɗakin Abbanmu ina sauraron ko yana numfashi. Ranar na fara sanin iyaye suna mutuwa. Ba wanda ya gaya min, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau. Ba silima, ba taron layi, ni kaɗai ce a falo. Don haka ban yarda sai da jama'a ba. Na fi karkata ga maganar Malam Mai Alli.

Kawu Na Kakuri:
Allah sarki 'yata. Allah ya ƙara wa Abbanku lafiya da nisan kwana.

Ɗan Rigasa:
Tunda an matsa, akwai wani na Jackie Chan da nake kallo da ƙanina a shagon mai cajin waya, wanda tsoho mashayi yake koya masa faɗa. Mun karya wa Umma tsintsiya da muciya a kansa. Amma ni ban ce ya fi kowane fim ba, na san dai shi nake komawa in raina ya ɓaci.

Maman Ilham:
Ai shi ke nan ka shigo layi ɗan nan. Mu ma ba mu ce komai ba sai wannan.

Ɗan Rigasa:
A'a Mama, da bambanci. Ni na san ba shi ya fi ba. Su Kawu cewa suke yi ya fi.

Hajiya Kaka:
Jikata ce take rubuta min. Ku duka yara ne. Mu majigi muka fara gani, mota ta zo filin makaranta a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman auduga da tsaftar gida, mu kuwa ko me aka nuna murna muke, mutum yana motsi a jikin zane. Da talabijin ta zo Kaduna kuma sai Samanja. Ran da za a yi shi da wuri ake sauke tukunya. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne, mutum ne mai wuyar dariya, amma in Usman Baba Pategi ya murɗe gashin baki ya fara Hausar bariki yana haɗawa da Turanci, sai ya yi dariya har da hawaye yana cewa wallahi haka samanjansu yake. A nan kaɗai yaran gidan suke ganin haƙoransa. Da aka ce Samanja ya rasu a 2023 na yi kuka kamar ɗan'uwana. Haka Kasimu Yero a 2017.

Injiniya Barnawa:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Sai dai Samanja wasan kwaikwayon talabijin ne, ba fim ba. In fim na Hausa na wancan zamanin ake nema, sai a ce Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Hajiya Kaka:
Ta karanta min. Ka ce wa Injiniya a akwati ɗaya muka gan su duka.

Tsohon Mai Haya:
Hajiya ta yi gaskiya, a shagona ma ba a rabawa. Wanda zai karɓi na Indiya shi zai ce a haɗa masa da na barkwanci na yara.

Sabon Shiga Malali:
Yanzu na buɗe waya na ga saƙo sun taru. Na karanta tun daga sama, kuma ina da ƙorafi. An yi wannan doguwar hira, an je Indiya, an je Libiya, an je Sin, babu wanda ya ambaci Ibro? Duk kun zaɓi na kuka. Wai dole sai fim ya sa ka hawaye ne zai zama gwani? Mu a gidanmu in aka sa kaset ɗin Rabilu Musa, kakarmu da take cewa kallo aikin banza ne ita take fara jawo tabarma. Tun rasuwarsa a 2014 ban ga wanda ya sa gida guda dariya tun daga jika har kaka ba. Malam Mai Alli, ina wannan yake shiga a bayaninka na jin abu karo na farko? Ai ba a fim na fara dariya ba.

Malam Mai Alli:
Ka kama ni a nan, bayanina bai rufe wannan ba. Sai dai in tambaye ka, wanne ne daga cikin finafinansa? Don na lura masu son Ibro da wuya su tsaya a kan ɗaya.

Sabon Shiga Malali:
Ba zan iya ware ɗaya ba gaskiya. Shi ɗin ne dai, ko me ya fito a ciki.

Injiniya Barnawa:
To wannan jarumi ka zaɓa, ba fim ba. Abban Sadiq fim ya tambaya.

Anti Mai Ɗinki:
Injiniya kai dai yau sai ka kore kowa daga muhawarar nan. Ka kori Hajiya, yanzu ka koma kan Ibro. Bari in je in ɗora girki, in na dawo zan kawo nawa na biyu, kuma shi ma na dariya ne.